Haɗuwar atom tsakanin amino asid a cikin furotin

Haɗuwar atom tsakanin amino asid ita ce kusantar da atom ɗin wani amino asid yake yi da na wani amino asid ɗin, har su riƙa jan juna ko tokare juna, bayan sarƙar furotin ta naɗe ta ɗauki siffarta. Waɗannan haɗuwa su ne suke riƙe furotin a kan siffa ɗaya, kuma siffar ce take ba shi damar yin aikinsa, ko ɗaukar iskar oksijin a cikin jini ne, ko narkar da abinci, ko ba fata da gashi ƙarfi. Ana karantar da batun a fannin kimiyyar sinadaran jiki da na harhaɗa magunguna. A Arewacin Najeriya misalinsa mafi nauyi shi ne ciwon sikila, wanda aka fi sani da amosanin jini, domin tushensa haɗuwa ce guda ɗaya da bai kamata ta kasance ba tsakanin molekul biyu na himogulobin.

Ma'ana da awo

Furotin sarƙa ce da aka jera daga amino asid iri 20. Duk lokacin da biyu suka haɗu a cikin sarƙar sai molekul ɗaya na ruwa ya fita, abin da ya saura kuma shi ake kira ragowar amino asid. Kowace ragowa tana da ɓangaren da yake cikin gangar sarƙa, wanda iri ɗaya ne ga kowa, da kuma reshe wanda ya bambanta. Reshen gilaisin atom ɗaya ne kacal na haidirojin, na tiriftofan kuwa zobe biyu ne manne da juna. Wani reshen yana ɗauke da caji, wani yana son ruwa, wani kuma yana gudunsa kamar yadda man gyaɗa yake yi.

Ana auna tazarar atom da ma'aunin anstirom. Milimita ɗaya tana da anstirom miliyan 10. Masana ba su tsaya a kan iyaka ɗaya ba wajen cewa ragowa biyu sun haɗu. Wasu suna ƙirga haɗuwa idan wani atom na ɗaya, ban da haidirojin, ya kusanci na ɗayan da ƙasa da anstirom 4.5 ko 5. A gasar hasashen siffar furotin ta CASP kuwa ana auna tazarar kabon na farko a kan reshe ne, iyakar ita ce anstirom 8, ga gilaisin kuma sai a auna daga kabon na gangar sarƙa tunda ba shi da wancan. Don haka lissafi biyu na furotin ɗaya za su iya ba da adadin haɗuwa daban, kuma kowanne daidai ne bisa iyakar da ya ɗauka.

Ana kuma duba nisan ragowar biyu a jerin sarƙa. Maƙwabta dole ne su kusanci juna, saboda haka ba a cika ƙirga su ba. A tsarin CASP, nisan ragowa 6 zuwa 11 gajere ne, 12 zuwa 23 matsakaici, 24 zuwa sama kuma dogo. Na dogon nisa sun fi daraja, domin su ne suke nuna inda sarƙar ta lanƙwaso ta dawo ta taɓa kanta.

Ire-iren haɗuwa

Mafi yawa, kuma mafi rauni idan an ɗauke ta ɗaiɗai, ita ce haɗuwar ban da Wals, mai sunan masanin ƙasar Holan Johannes van der Waals. Kowane atom biyu suna ɗan jan juna idan sun matso, amma da zarar sun wuce wata iyaka sai su ture juna da ƙarfi. Daga tsakiyar kabon zuwa wannan iyakar kusan anstirom 1.7 ne, naitirojin 1.55, oksijin 1.52, salfa kuma 1.8. Cikin furotin a cushe yake: Frederic Richards ya nuna a 1974 cewa atom sun cike kusan kashi 75 cikin 100 na wurin, kwatankwacin abin da ake gani a daskararren kiristal. Wannan ya sa sauya ƙaramin reshe da babba a tsakiyar furotin yakan lalata shi, domin babu masaka tsinke.

Haɗin haidirojin yana samuwa ne idan haidirojin da ke jikin naitirojin ko oksijin ya fuskanci wani oksijin ko naitirojin, tazarar manyan atom ɗin biyu kuwa kusan anstirom 3. A 1951 Linus Pauling da Robert Corey da Herman Branson suka bayyana murɗin alfa, inda oksijin na kowace ragowa yake riƙe da haidirojin na ragowa ta huɗu a gabanta, zagaye ɗaya kuma yana cin ragowa 3.6 da tsawon anstirom 5.4. Pauling da Corey sun bayyana shimfiɗar beta a wannan shekarar, inda sassan sarƙa suke kwanciya gefe da gefe kamar tabarma.

Gadar gishiri jan juna ce tsakanin reshe mai cajin negatif, wato na asfatik asid ko gulutamik asid, da mai cajin fozitif, wato na laisin, arjinin ko wani lokaci histidin, idan sun kusanci juna da anstirom 4 ko ƙasa. Tsami ko yawan gishiri a cikin ruwa yana sassauta ta. Gadar salfa kuwa ɗauri ne na gaske tsakanin sistayin biyu, tsawonta kusan anstirom 2.05, kuma ta fi duk sauran ƙarfi. Insulin, mai ragowa 51, yana da irinta guda uku.

Sai kuma taruwar rassa masu gudun ruwa, irin su balin, lusin, aisolusin da fenil'alanin. Walter Kauzmann ya kafa hujja a 1959 cewa ita ce babbar abin da ke sa furotin naɗewa. Ba wai rassan suna jan juna da wani ƙarfi na musamman ba ne, ruwan da ke kewaye ne yake tura su ciki, domin ya fi samun sakewa idan ba su a tsakaninsa.

Abin da ɗalibai kan yi mamaki shi ne, duk da ɗaruruwan haɗuwa da ke cikin furotin ɗaya, ratar da ke tsakanin naɗaɗɗen furotin da warwararre ba ta da yawa, yawanci kilokalori 5 zuwa 15 a kowane mol. Wannan bai wuce ƙarfin haɗin haidirojin 'yan ƙalilan ba. Dalili shi ne warwararriyar sarƙa ma tana yin nata haɗuwar da ruwa, ga kuma sakewar motsi da take da ita. Furotin a bakin gaɓa yake zaune, shi ya sa ɗan zafi ko sauyin ragowa ɗaya yake iya kayar da shi.

Tarihi

John Kendrew ya fitar da siffar mayogulobin a 1958 ta hanyar haska kiristal ɗinsa da hasken eksre, Max Perutz ya biyo da ta himogulobin a 1960, dukkansu a Kambirij ta Ingila, suka kuma raba kyautar Nobel a 1962. A 1963 G. N. Ramachandran da abokan aikinsa a Madras ta Indiya suka lissafa kusurwoyin da gangar sarƙa za ta iya juyawa ba tare da atom sun ci karo ba, ana amfani da taswirarsu har yau wajen tantance ingancin siffar da aka fitar. Christian Anfinsen ya warware enzayim ɗin ribonukiliyes, mai ragowa 124 da gadojin salfa huɗu, ya ga ya sake naɗewa da kansa. Sistayin takwas za su iya haɗuwa bibbiyu ta hanyoyi 105, amma sarƙar ta koma kan guda ɗayar da ta dace. Wannan ya tabbatar da cewa jerin amino asid shi ke ɗauke da bayanin siffa.

Rumbun siffofin furotin na PDB ya fara a 1971 da siffofi bakwai, ya haura 200,000 a 2023.

Himogulobin da ciwon sikila

Himogulobin na babban mutum sarƙa huɗu ne: alfa biyu masu ragowa 141 kowace, da beta biyu masu 146. Yana da yanayi biyu, na lokacin da yake ɗauke da oksijin da na lokacin da ya sauke. Perutz ya bayyana a 1970 cewa gadojin gishiri ne suke riƙe yanayi na biyu, daga cikinsu akwai wadda ke tsakanin histidin na 146 da asfatik asid na 94 a sarƙar beta. Idan oksijin ya kama sai gadojin su tsinke, sarƙoƙin su ɗan juya a kan juna. Idan jini ya ɗan yi tsami, kamar a tsokar da ke aiki, histidin yakan ɗauki caji, gadar ta ƙara ƙarfi, oksijin ya sauka a daidai inda ake bukatarsa.

A himogulobin S harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gado, daga GAG zuwa GTG, sai balin ya maye gurbin gulutamik asid a matsayi na 6 na sarƙar beta. Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu sun nuna a 1949 cewa cajin himogulobin ɗin masu sikila ya bambanta, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin ragowar da ta sauya a 1956 zuwa 1957. Wannan bambancin caji ne ake amfani da shi a gwajin jinsin jini da ake yi a asibitoci: ana sa jini a kan takarda a ratsa ta da lantarki, himogulobin S ya yi tafiya a hankali fiye da A saboda ya rasa cajin negatif biyu.

Matsayi na 6 a bayan molekul yake, yana fuskantar ruwa. Gulutamik asid mai caji ya dace da wurin, balin mai gudun ruwa bai dace ba. Shi himogulobin S ɗin siffarsa ba ta lalace ba, yana ɗaukar oksijin yadda ya kamata. Matsalar tana tasowa ne bayan ya sauke oksijin, lokacin da balin na 6 yake samun wani ɗan rami mai gudun ruwa a sarƙar beta ta molekul na kusa, wanda fenil'alanin na 85 da lusin na 88 suka yi, ya shige ciki. Shi ma wancan molekul ɗin yana da nasa balin da zai shiga ramin na gaba. Haka za su yi ta jeruwa har su zama zare biyu a haɗe, irin waɗannan guda bakwai kuma su murɗe su zama igiya mai zare 14, mai kaurin nanomita 21 ko kusa da haka. Ramin yana nan a himogulobin A na kowa, abin da babu shi ne balin ɗin da zai shige shi. Rukunin Warner Love na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne ya ga wannan haɗuwa a cikin kiristal a 1975. Daga cikin balin biyu da kowane molekul yake da su, ɗaya ne kawai yake shiga rami.

Igiyoyin suna sandarar da jan ƙwayar jini, su lanƙwasa ta kamar lauje. Irin wannan ƙwaya takan toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke kawo ciwon ƙashi mai tsanani, kuma takan mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kusan 120.

Akwai ɗan jinkiri kafin igiyar ta fara fitowa, kuma rayuwar mai sikila ta rataya a kan wannan jinkirin. Idan ƙwayar jini ta riga ta koma huhu kafin ya ƙare, ta tsira a wannan zagayen. William Eaton da James Hofrichter da Philip Ross sun nuna a 1974 cewa tsawon jinkirin yana raguwa ƙwarai da ɗan ƙaruwar kaurin himogulobin a cikin ƙwaya. Shawarar da likitoci suke nanatawa ta yawan shan ruwa, musamman a zafin bazara na Maris da Afrilu, tana da tushe a nan. Haka kuma mai AS ba ya cika yin ciwo, domin himogulobin A da ke cakuɗe da S yana tsinka shi.

Jarirai ba sa nuna alamun ciwon sai wajen wata biyar zuwa shida, saboda himogulobin F da aka haife su da shi. Sarƙar gama da ke cikinsa tana da gulutamin a matsayi na 87, inda beta take da tireyonin, kuma wannan wurin yana bakin ramin da balin yake shiga, sai ya hana haɗuwar zama daram. Maganin haidiroksiyuriya yana aiki ne ta hanyar ƙara yawan himogulobin F. Ɗaya daga cikin magungunan gyaran ƙwayar gado biyu da Amurka ta amince da su a Disambar 2023, wato Lyfgenia, yana saka wa majiyyaci sarƙar beta da aka sanya wa gulutamin a matsayi na 87. A himogulobin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, laisin ne a matsayi na 6, ba ya yin igiya, sai dai yakan daskare ya zama kiristal.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Alan Fleming, wanda ya yi farfesan ilimin jini a Jami'ar Ahmadu Bello, ya wallafa da abokan aikinsa a 1979 sakamakon binciken da aka yi a gundumar Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa. Sun sami SS a kusan kashi 2 cikin 100 na jarirai sabbin haihuwa, amma a cikin waɗanda suka wuce shekara tara bai kai ɗaya cikin dubu ba, wato mafi yawansu sun rasu tun suna ƙanana. Masu AS kuwa sun ƙaru daga kusan kashi 24 a jarirai zuwa 29 a waɗanda suka haura shekara biyar, alamar kariyar da suke samu daga zazzaɓin cizon sauro. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin jinsin jini.

A kicin da majema

Ƙwan da mai shayi yake soyawa a Sabon Gari yana yin fari ya daskare ne saboda zafi ya tsinke raunanan haɗuwa, sarƙoƙin suka warware, rassa masu gudun ruwa suka fito fili suka manne da na wasu sarƙoƙin, har da sababbin gadojin salfa. Ba ya komawa ruwa idan ya huce. A kindirmo ƙwayoyin bakteriya ne suke samar da tsami, idan ma'aunin pH ya sauko kusa da 4.6 sai furotin ɗin madara ya rasa cajin da ke sa shi ture ɗan'uwansa, ya dunƙule. Ruwan tsami ko tsamiyar da ake zuba wa madarar waken suya wajen yin awara haka suke yi. Man miƙar da gashi kuwa gadojin salfa na keratin yake tsinkewa.

Jima ta fi waɗannan zurfi. Fata kolajin ce, sarƙa uku da suka murɗe da juna, kuma kowace ragowa ta uku gilaisin ce, domin a tsakiyar murɗin babu wurin da wani reshe zai shiga. Ɗanyar fata tana tsukewa a ruwa mai zafin digiri 65 ko kusa. Sinadarin tanin da ke cikin bagaruwa, wadda majema suka daɗe suna amfani da ita, yana manne wa kolajin ta haɗin haidirojin masu yawa, ya ƙulla sarƙoƙin da juna, fatar ta daina ruɓewa. Jimar zamani da sinadarin kurom tana kama rassan asfatik asid da gulutamik asid, fatar da aka jeme haka tana iya jure tafasasshen ruwa. Cibiyar Kimiyya da Fasahar Fata ta Najeriya da ke Samaru tana koyar da hanyoyin biyu.

Bincike a Samaru

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, babban mazauninta yana Samaru a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, asibitin koyarwarta kuma yana Shika. Farfesa Andrew Jonathan Nok na sashen kimiyyar sinadaran jiki, wanda ya rasu a 2017, ya yi aiki a kan enzayim ɗin siyalides na ƙwayar cutar da ke kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Enzayim ɗin yana yanke wani sukari mai suna siyalik asid daga bayan jajayen ƙwayoyin jini, jiki ya ɗauke su a matsayin tsofaffi ya kashe su, dabba ta rasa jini. A irin waɗannan enzayim arjinin uku ne suke riƙe ɓangaren sukarin mai cajin negatif, kuma masu neman magani wannan wurin suke hari. Nok ya sami Kyautar Kimiyya ta Najeriya a 2009.

A Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR, an samar da irin waken SAMPEA 20-T da aka saki a 2019. Yana ɗauke da furotin Cry1Ab, wanda yake kashe tsutsar maruka mai cin furen wake da kwanso. Furotin ɗin sai ya dace da wasu furotin na musamman a bangon hanjin tsutsar kafin ya huda shi, kuma hanjin mutum ba shi da su.

Hasashe da kwamfuta

Ana zana haɗuwar furotin a kan taswira mai layi da ginshiƙi, kowace ragowa da layinta da ginshiƙinta, a sa ɗigo inda biyu suka haɗu. Murɗin alfa yana fitowa a matsayin zane mai kauri a jikin layin da ya raba taswirar, shimfiɗar beta kuma a matsayin zanen da ya yi daidai da shi ko ya gitta shi. A 1994 Ulrike Göbel da Chris Sander da Reinhard Schneider da Alfonso Valencia suka nuna cewa idan aka jera furotin iri ɗaya daga halittu da yawa, ragowa biyu da suke sauyawa tare sau da yawa suna taɓa juna ne: idan ɗaya ta girma ɗayar ta ƙanƙance, idan cajin ɗaya ya juya na ɗayar ma ya juya. Dabarar ba ta yi ƙarfi ba sai da jerin ƙwayoyin gado suka yawaita. Manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta gina a kanta, ta yi zarra a gasar CASP ta 2020, rumbunta ya kai siffofi fiye da miliyan 200 a 2022, Demis Hassabis da John Jumper kuma suka raba kyautar Nobel ta 2024 da David Baker.

Tunda PDB da rumbun AlphaFold kyauta ne, ɗalibin da ke da kwamfuta da intanet zai iya sauke siffar furotin ya gwada shigar da molekul ɗin magani cikin raminsa, ya ƙirga haɗuwar da suka yi. Irin wannan aiki ya yawaita a sassan kimiyyar sinadarai da harhaɗa magunguna na jami'o'in Najeriya, har da ta Zariya. Sai dai hoto mai ɗauke da haɗin haidirojin biyar ba hujja ba ce cewa maganin zai yi aiki. Siffar kiristal hoton tsayuwa ce, alhali furotin a cikin ruwa motsi yake yi, haɗuwa suna tsinkewa suna ƙulluwa. Wasu haɗuwar da ake gani cunkoson kiristal ne ya jawo su, babu su a cikin jiki. Hasken eksre ba ya cika nuna haidirojin, don haka yawancin haɗin haidirojin daga tazara da kusurwa ake ƙiyasta su. AlphaFold kuma ba a gina ta don nuna tasirin sauyin ragowa ɗaya ba: siffar da za ta bayar ta sarƙar beta ta himogulobin S kusan ɗaya ce da ta A, domin abin da ya bambanta su yana faruwa ne tsakanin molekul da maƙwabcinsa.